DAGA TARIHIN MAGABATA: ABDURRAHMAN AL-KAWAKIBI DA LITTAFINSA MAI NAUYI

 

'Yan uwa, tun da muka sauke littafin Ɗaba'i'ul Istibdad a halƙarmu ta ranar Asabar bayan sallar asuba, saƙonni ba su daina shigo mini ba. Wasu na tambaya wai shi wannan Kawakibin wane ne ma. Wasu na cewa me ya kai limami karantar da littafin siyasa a masallaci. Wasu kuma sun ce Larabcinsa ya fi ƙarfinsu, a taimaka a taƙaita musu. Na yi alkawarin zan rubuta tarihin mutumin, to yau Allah ya nufa. Rubutun yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Ni kaina ban fara da son littafin nan ba. Ina shekara ta biyu a jami'a malaminmu na adabin Larabci na zamani ya sa mu karanta fasali biyu daga cikinsa. Na sayi wani ɗan ƙaramin bugu mai arha, na kai shafi talatin na ajiye. Ga jimloli dogaye, ga kalmomi masu kama da juna an jero su kamar carbi, ga shi ba ya kama sunan kowa balle ka samu labarin da za ka riƙe. Da taƙaitawar wani abokina na ci jarrabawar, Allah ya yafe mana. Sai bayan shekaru, da aka ɗora mini limanci, na sake ɗauko shi. A nan na gane ashe ba Larabcin kaɗai ne ya yi mini nauyi ba. A wancan lokacin ban taɓa riƙe iko a kan kowa ba, shi ya sa ban san da wa yake magana ba.

ASALINSA DA TASOWARSA

An haifi Abdurrahman bin Ahmad Al-Kawakibi a birnin Halab na ƙasar Sham, wato Siriya ta yau, wajen shekarar 1855. Halab a lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa mai fada a Istanbul, ba tamu ta Sakkwato ba, kada a rikita. Gidansu gidan ilimi ne kuma gidan sharifai, har akwai tsohuwar makaranta a birnin da ke ɗauke da sunan zuriyar, Madarasatul Kawakibiyya, inda mahaifinsa yake koyarwa. Mahaifiyarsa 'yar gidan muftin Antakiya ce. Ta rasu yana ƙaramin yaro, sai 'yar uwarta Safiyya ta ɗauke shi zuwa Antakiya ta riƙe shi na 'yan shekaru. A can ya fara karatu da rubutu, a can kuma ya fara jin Turkanci.

Da ya dawo Halab sai ya shiga makarantar gidansu, ya yi nahawu da fiƙihu da sauran fannoni irin na ɗaliban zamaninsa, ya ƙara da Farisanci. Ku riƙe maganar Turkancin nan, domin ta wannan ƙofa ce ya riƙa karanta jaridun Istanbul da fassarorin littattafan Turawa. Za mu dawo kanta a gaba.

ƊAN JARIDA, MA'AIKACI, FURSUNA

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya fara aiki a jaridar gwamnatin lardin Halab mai suna Furat, wadda ake bugawa da Larabci da Turkanci. Jaridar hukuma dai kun san halinta, abin da gwamna yake so shi ake rubutawa. A 1877 shi da abokinsa Hashim Al-Aɗɗar suka kafa tasu mai zaman kanta, Ash-Shahba'u. Ba ta wuce fitowa kamar goma sha biyar ba gwamna ya rufe ta. A 1879 ya sake buɗe wata mai suna Al-I'itidal, ita ma ba ta yi nisa ba aka rufe.

Don a fahimci zamanin: Sultan Abdulhamid na biyu ya hau mulki a 1876, aka yi tsarin mulki aka buɗe majalisar wakilai, amma a 1878 ya sallami majalisar, ba ta sake zama ba sai 1908. Shekara talatin ke nan na tace rubuce-rubuce da yawan 'yan leƙen asiri. Kusan duk rayuwar Kawakibi ta girma a cikin waɗannan shekaru ta faɗo.

Da aka toshe masa hanyar jarida, bai koma gida ya naɗe hannu ba. Ya riƙe muƙamai da dama a Halab: ya zauna a kwamitocin ilimi da na kuɗi, ya shugabanci hukumar birnin, ya shugabanci majalisar 'yan kasuwa, ya yi babban magatakarda a kotun shari'a. Ya kuma buɗe wani ofis inda talakan da aka zalunta zai zo a rubuta masa koke zuwa sama, har mutanen gari suka riƙa kiransa Abud Du'afa'i, wato uban raunana. Wannan fa shi ne bambancinsa da masu rubutu daga nesa. Mutumin ya ga yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur, ya ga inda take maƙalewa da abin da ake biya kafin ta motsa.

Irin wannan mutum ba ya zama lafiya da gwamnoni. Ya yi rigima da Jamil Basha, aka tsare shi. Daga baya a zamanin Arif Basha aka tuhume shi da haɗa baki da ƙasar waje, kotun Halab ta yanke masa hukuncin kisa. Ya nemi a sake shari'ar a wani gari, aka kai ta Bairut, can aka wanke shi. Ya fito da ransa, amma dukiyarsa ta tafi. A gefe guda kuma muƙamin Naƙibul Ashraf na Halab, wanda zuriyarsu ke gani nasu ne, ya koma hannun Abul Huda As-Sayyadi, malamin da ke da babbar fada a wurin Sultan. Ban ɓoye wannan ba domin masu sukarsa suna kafa hujja da shi, suna cewa akwai haushin kansa a cikin alƙalaminsa. Ɗan Adam ne, ba mu ce babu ba.

HIJIRA ZUWA MASAR DA LITTATTAFAI BIYU

A 1899 ya sulale daga Halab tare da ɗansa Kazim, ya sauka a Alƙahira. Masar a lokacin tana hannun Turawan Ingila tun 1882, saboda haka hannun Sultan ba ya kaiwa ga jaridunta yadda yake kaiwa ga na Sham. Abin takaici ne a ce Musulmi sai ya je inuwar ɗan mulkin mallaka kafin ya iya faɗa wa shugabansa gaskiya, amma haka tarihin yake.

A can ya fitar da littattafai biyu, dukkansu ba da sunansa na gaskiya ba. Na farko Ummul Ƙura, da sunan As-Sayyidul Furati. A ciki ya ƙago wani taron sirri a Makka gab da aikin hajjin 1316 bayan hijira, wakilai sama da ashirin daga Sham da Masar da Indiya da Sin har da wani Musulmi daga Ingila, suka yi zama goma sha biyu suna binciken abin da ya kwantar da al'umma, suka lissafo dalilai sama da tamanin. Ya tsara shi da kwanan wata da jawabin kowane wakili, har wasu masu karatu suka ɗauka da gaske an yi taron. Rashid Rida ya sake buga shi kashi-kashi a mujallar Al-Manar.

Na biyun shi ne namu, Ɗaba'i'ul Istibdad wa Masari'ul Isti'ibad, ma'ana halayen mulkin danniya da ramukan bautar da mutane. Asalinsa maƙaloli ne da suka riƙa fitowa a jaridar Al-Mu'ayyad ta Shaikh Ali Yusuf wajen 1900, daga baya ya tattara su ya faɗaɗa, ya sa hannu da laƙabin Ar-Rahhala Kaf, wato matafiyi mai harafin kaf. Wannan ne ma sirrin nauyinsa. Kowace maƙala an rubuta ta ne ta tsaya da ƙafarta, shi ya sa za ka ga maimaici. Sannan ya haɗa yaren malaman usulu da kalmomin siyasar Turai a jimla ɗaya, ɗalibin zaure ya san rabi, ɗan boko ya san ɗaya rabin.

ME KE CIKIN LITTAFIN?

Ya fara da bayyana mene ne istibdadi, sannan ya bi shi fanni-fanni: alaƙarsa da addini, da ilimi, da ɗaukaka, da dukiya, da ɗabi'u, da tarbiyya, da ci gaba, ya rufe da hanyar kuɓuta. Ba zan kawo lafazinsa ba, ma'ana kawai zan ba ku yadda na fahimta.

Ma'auninsa guda ɗaya ne, hisabi. Duk mai ikon da babu wanda zai iya tsayar da shi ya tambaye shi, to ya shiga wannan babi, ko gadon sarauta ya yi ko zaɓensa aka yi, ko mutum ɗaya ne ko jama'a ce. A fasalin ilimi ya nuna cewa azzalumin shugaba ba ya jin tsoron malamin lugga, ba ya jin tsoron mai wa'azin da ya tsaya a kan abin da bai taɓa haƙƙin mutane ba. Wanda ke hana shi barci shi ne mai koya wa jama'a tarihi da haƙƙoƙinsu da yadda ake tafiyar da al'umma. A fasalin ɗaukaka ya raba tsakanin majdu da tamajjudu: na farko girman da mutum ke samu a zukata saboda abin da ya sadaukar, na biyu girman aro da ake samu ta hanyar raɓar fada, lambar yabo da laƙabi da kujerar gaba. A fasalin ɗabi'u ya nuna yadda danniya ke juya sunayen abubuwa, mai neman haƙƙinsa ya zama fitinanne, matsoraci ya zama mai hankali, fadanci ya zama ladabi.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne inda ya bayyana cewa danniya ba ta zama a fada ita kaɗai. Tana gangarowa mataki-mataki, kowane ƙaramin ma'aikaci ya zama ɗan ƙaramin sarki a kan wanda ke ƙasa da shi, wanda aka taka a ofis ya dawo gida ya taka iyalinsa.

A ƙarshe ya kafa sharuɗɗa uku. Sai jama'a sun ji zafin abin da kansu tukuna. Sannan ba a kawar da shi da ƙarfi da gaggawa, sai da ilimi da bi a hankali. Sannan kafin a ture abu a tanadi abin da zai maye gurbinsa, in ba haka ba a kori azzalumi a naɗa wanda ya fi shi.

YADDA MASU KARATU SUKA KARƁE SHI

Tun maƙalolin na fitowa mutanen Alƙahira suka shiga cacar wane ne marubucin. An ruwaito cewa wasu sun zaci Shaikh Muhammad Abduh ne. Hukumar Istanbul kuwa ba ta tsaya tambaya ba. Duk da marubucin ya faɗa a gabatarwa cewa ba wani sarki takamaimai yake nufi ba, an hana littafin shiga ƙasashen Sultan, sai a ɓoye yake yawo.

Shi kansa bai daɗe ba bayan haka. Khidiwi Abbas Hilmi na biyu, mai sarautar Masar, ya jawo shi jiki ya yanka masa albashi. Ya yi doguwar tafiya ta watanni zuwa Jazirar Larabawa da gaɓar gabashin Afirka da Indiya yana duba halin Musulmi. Ya dawo Alƙahira, a watan Yunin 1902, daidai da Rabi'ul Awwal 1320, ciwo ya kama shi farat ɗaya da dare bayan ya taso daga zama da abokansa, kafin gari ya waye ya cika. Iyalansa da abokansa da yawa sun tafi a kan cewa guba aka sa masa, wasu kuma suka ce ciwon zuciya ne. Ba a tabbatar da zargin gubar ba, mu kuma ba ma ɗora wa kowa jini da zato. An binne shi a maƙabartar Babul Wazir. Sauran rubuce-rubucensa da bai buga ba, irin su Saha'ifu Ƙuraish, sun ɓace bayan rasuwarsa.

Bayan mutuwarsa sai kowane ɓangare ya zo ya yanki rabonsa. Masu kishin Larabawa suka ce nasu ne, saboda ya nemi halifanci ya koma hannun Baƙuraishe a Makka. Masu son raba addini da mulki suka ce nasu ne, saboda ya taƙaita ikon wannan halifa a kan al'amuran addini. Masu kiran gyaran addini suka ce nasu ne, saboda ya yaƙi taƙalidanci ya yi kira a koma ga shura irin ta Khulafa'ur Rashidun. 'Yan gurguzu ma suka laɓe a fasalin dukiya. Abbas Mahmud Al-Aƙƙad ya rubuta littafi sukutum a kansa. A 1954 kuma wata mai bincike, Sylvia Haim, ta ce yawancin tunanin ya ɗebo shi ne daga littafin wani Ba'italiye mai suna Alfieri, wanda aka fassara zuwa Turkanci a 1898. Kun ga inda Turkancin nan ya dawo. Gaskiya ne ya amfana da shi, ya ma ambaci sunansa a littafin. Amma zaman kotun Halab da kurkukunta ba a fassara ya karanto su ba. Da guguwar 2011 ta taso a ƙasashen Larabawa, sai ga littafin ya sake dawowa hannun matasa kamar jiya aka rubuta shi.

A HALƘARMU KUMA FA?

Mun fara mu kusan talatin, muka sauke mu goma sha ɗaya. Kashi na farko nauyin ibara ne ya kore su, ban ga laifinsu ba, ni ma ya taɓa kora ta. Kashi na biyu suka ce wannan koyar da tawaye ne ga shugabanni. Na roƙe su su jira fasalin ƙarshe su ga mutumin da kansa yana hana ɗaukar makami, wasu suka jira, wasu ba su jira ba. Kashi na uku matasa ne da suka sha kallon fim ɗin Turkiyya na Sultan Abdulhamid, ransu ya ɓaci a ce wai wannan bawan Allah ake suka. Kashi na huɗu su ne suka fi jin daɗi. Duk shafin da aka karanta sai su kalli juna su yi murmushi, kowa da sunan ɗan siyasar da ke ransa, kuma na lura ba wanda ya taɓa kawo sunan ɗan jam'iyyarsa.

Wallahi ni ma a cikin kashi na huɗun nake, har ranar da muka zo saukewa. Akwai wani dattijo tsohon malamin firamare da ke zama a ƙarshen sahu, bai taɓa cewa uffan ba tun da muka fara. Ranar sai ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya kira ni da Malam kamar yadda ya saba duk da ya haife ni, ya ce shi tambayarsa ƙarama ce: wannan ma'auni na hisabi, ya tsaya a kan masu mulkin ƙasa ne, ko ya shafi asusun masallaci?

Na san abin da yake nufi, kowa ma a wurin ya sani. Watanni kafin nan wani saurayi ya tashi bayan sallar isha ya tambayi nawa aka tara na gyaran rufi, nawa aka kashe. Ban ci ko sisi ba, Allah shi ne shaida. Amma maimakon in ba shi amsa sai na yi masa wa'azin ladabi da girmama malamai a gaban jama'a, har ya sunkuyar da kai ya fita. Tun daga ranar bai sake sallah a bayana ba. Ga shi na shafe makonni ina fassara wa mutane yadda ake mayar da mai neman haƙƙi fitinanne, ban taɓa jin da ni ake ba. Hausawa sun yi gaskiya, laifi tudu ne.

Na ce wa Baba ya shafe shi. Daga wannan watan muka fara manna lissafin shiga da fita a jikin allon sanarwa. Na kuma taka har shagon yaron na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce ya yafe, amma har yau bai dawo ba. Ina roƙon Allah ya dawo da shi.

MATSAYATA A KANSA

Ba na ɗaukar Kawakibi a matsayin wanda ba ya kuskure. Ban gamsu da halifan da ya zana ba, wanda aka rage wa iko har ya kusa zama alama kawai. Ya yi wa Turkawa kuɗin goro a wurare, alhali sun ɗauki tutar Musulunci ƙarnoni. Karɓar albashin Khidiwi, wanda shi ma yana da nasa buri a kan Istanbul, abin tambaya ne ga mai rubutu a kan raɓar fada. Sultan Abdulhamid kuma yana da alheran da ba a mantawa: ya buɗe makarantu da yawa, ya fara shimfiɗa layin dogo na Hijaz a 1900, ya ƙi amincewa da buƙatar Herzl a kan Falasɗinu. Duk da haka rufe majalisa da rufe jaridu da cika gari da 'yan rahoto sun faru a zamaninsa. Adalci shi ne a faɗi wannan a faɗi wancan. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, hisabinsu yana wurin Allah.

Ga mai son karantawa, shawarata kada ka fara daga farko. Fara da fasalin ilimi, ka bi da na ɗaukaka, sai na ƙarshe, sannan ka dawo ka bi shi a jere. Shafi biyar a zama ɗaya ya isa, da ƙamus a gefe, in da hali tare da wanda ya fi ka Larabci. Kuma kafin ka buɗe, ka lissafa mutanen da ba sa iya tambayarka dalili: matarka, 'ya'yanka, yaran shagonka, ɗalibanka, masu sallah a bayanka. Da su a ranka za ka karanta.

Allah ya jiƙan Abdurrahman Al-Kawakibi, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan Sultan Abdulhamid da sauran magabatanmu. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa mu ma mu ji tsoronsa a kan 'yan amanonin da ke hannunmu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta ya gyara mini, zan karɓa in sha Allah.